Ɗiyan itace na gida da na waje: yadda ake gane mai kyau, daga mangwaro har zuwa mirtil

Duk wanda ya tsaya gaban teburin mai saida ɗiyan itace a babbar kasuwar Maradi, ko kasuwar Dole ta Damagaram, ko Katako a Yamai, kaya iri biyu zai tarar a jere. Ga mangwaro da gwaiba da kankana na garakenmu, ga kuma tuffa da inabi da lemu jawur da suka fito cikin kwali daga wata duniya. A manyan kantunan Yamai har wani ɗan itace shuɗi ake gani cikin firigo, wanda ake kira mirtil. Tambayar da masu saurare ke yawan yi ita ce: wanne ya fi, na gida ko na waje?

Amsar ba ta ga sunan ƙasa. Tana ga abu uku: lokacin da aka tsinke shi, nisan da ya yi, da irin riƙon da ya samu a hanya. Wanda ya san waɗannan ukun, da wuya a saida mishi ruɓaɓɓe da kuɗin mai kyau.

Daga ina kayan ke fitowa?

Na gida dai an san su. Mangwaro da gwaiba da lemun tsami suna fitowa daga yankin Gaya, da garaken gulbin Maradi, da Matamaye da Magarya, da bakin kogin Isa. Tsaunukan Ayar, musamman Timiya a jahar Agadas, suna bada lemun zaƙi da rumman. Dabino na zuwa daga Bilma da Jado da Ingal, da kuma kwarurrukan Manga wajen Gudumariya. Sai na daji da Allah ya hore mana ba shuka ba ban ruwa: magarya, kanya, aduwa, goruba, ɗinya, tsamiya, ƙwame na kuka, da giginyar Gaya.

Na waje kuwa kashi biyu ne, kuma bai kamata a haɗa su ba. Akwai na maƙwabta: lemu da ayaba daga Najeriya, waɗanda da yawansu ke biyowa ta kasuwar Ƴan Lemo ta Kano kafin su shigo ta Ɗan Isa ko Magarya, abarba daga kudancin Benin, mangwaro mai aure daga yammacin Burkina Faso, ayaba daga Kodebuwa, dabino daga Aljeriya. Waɗannan tafiyar kwanaki ce cikin kamiyo, galibi ba sanyi.

Sai na nesa: tuffa da inabi daga Afirka ta Kudu ko Turai, lemu daga Maroko. Tunda Nijar ba ta da teku, kayan da ya biyo jirgin ruwa sai ya sauka a tashar wata ƙasa, sannan ya yi tafiyar fiye da kilomita 1,000 a mota kafin ya ga Yamai. Bayan rufe iyakar Benin a 2023, kaya da yawa sun koma biyowa ta Lome da Burkina Faso, hanya ta ƙara tsawo. Daga Yamai zuwa Maradi akwai wasu kilomita kusan 660, zuwa Damagaram kusan 900. Ku haɗa wannan da zafin watan Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40, za ku gane dalilin da ya sa tuffa ɗaya ke tsada, da kuma dalilin da ya sa wani lokaci cikinta ya zama kamar gari.

Ƙa'ida ta farko: wane ne ke nuna bayan an tsinke shi?

Wannan ita ce mabuɗin komi. Ɗiyan itace gida biyu ne.

Gida na farko suna ci gaba da nuna bayan an cire su daga uwa: mangwaro, ayaba, gwanda, gwaiba, tuffa. Suna fitar da wata iska da ake kira etilan, ita ke sa su laushi da zaƙi. In ka sayi ƙosasshen mangwaro da bai gama nuna ba, ka aje shi kwana biyu ko uku a inuwa, zai nuna da kanshi.

Gida na biyu, yadda aka tsinke su haka za su tsaya: lemu, abarba, kankana, inabi, rumman. Launin bayansu na iya sauyawa, su yi laushi, amma zaƙi ba ya ƙaruwa. Mirtil ma a wajen zaƙi cikin wannan gida take. Don haka in mai tebur ya ce miki, "Hajiya, ki aje abarbar nan kwana uku za ta yi zaƙi," to ki sani laushi za ta yi kawai.

Abin da wannan ke nufi ga kayan nesa a fili yake. Dole a tsinke su da sauran ƙarfinsu don su jure hanya. Na kusa kuwa yana iya kwana a kan itace har ya ƙosa. Nan ne mangwaron garka ke cin riba da ba a saye da kuɗi.

Mirtil: mece ce ita?

Mirtil, kamar yadda ake rubuta ta da Faransanci a jikin roba, ita ce masu Ingilishi ke kira buluberi. Girmanta kamar magarya, launinta shuɗi mai duhu kusa da nunanniyar ɗinya, da ɗan kambi a gindinta. Ba ta da ƙwallo mai tauri, duka ake cinye ta. Irin da ake saidawa a kantuna asalinta daga Arewacin Amurka ne. A da ta daji ce. Wata mata mai suna Elizabeth White da masanin tsirrai Frederick Coville suka mayar da ita abin nomawa a jihar New Jersey, aka fara saida amfanin farko a 1916.

Itaciyar tana son ƙasa mai tsami sosai, ma'aunin pH 4.5 zuwa 5.5, da ruwan da ba kanwa ba gishiri. Jijiyoyinta ba su nisa cikin ƙasa, shi ya sa ba ta jure ƙishi da zafi mai tsanani. Ba ta cikin abin da garakenmu ke fitarwa. Duk wadda kuka gani a Nijar baƙuwa ce. Ƙasar Peru ce kan gaba a duniya wajen fitar da ita. A Afirka, Maroko da Afirka ta Kudu ne manyan masu nomanta: ta Maroko na fitowa daga lokacin ɗari zuwa bazara, ta Afirka ta Kudu daga ƙarshen damana zuwa ƙarshen shekara.

Wanda ya yi niyyar saye, ga abin dubawa:

1. Farar ƙura a jikinta. Wannan ba datti ba ne, ba magani ba ne. Wani kaki ne da ita kanta ke fitarwa don ya tsare ta. In ta yi ƙyalli babu ƙurar nan, to ta sha hannu ko ta daɗe.

2. Launi. Shuɗi mai duhu ko'ina. In wajen da aka cire ta daga reshe ja ne ko kore, ba ta nuna ba, tsami za ka sha.

3. A juya robar a duba ƙasanta. In akwai jan ruwa a takardar ƙasa, wasu sun fashe. In akwai farin gashi-gashi kamar auduga, funfuna ce, a bar ta.

4. A girgiza a hankali. Masu lafiya suna gangarawa ɗai-ɗai. Waɗanda suka manne da juna sun fara lalacewa.

5. Fata a cike, ba yamushi.

6. Inda aka aje ta. Mirtil tana son sanyin digiri 0 zuwa 4. Wadda aka jera waje ba firigo, ko kantin da kuran ya daɗe da ɗaukewa, kada a kusance ta.

A gida, ba a wanke ta sai lokacin ci, don ruwa na saurin ruɓar da ita. In firigo na aiki yadda ya kamata tana kai mako guda ko fiye. In kuran na wasa, a cinye ta ranar ko washegari. Sannan a yi lissafi kafin a miƙa kuɗi: yawancin robobin giram 125 ne, ke nan sai roba 8 ke yin kilo ɗaya. A ninka farashin sau 8, a kwatanta da kilon mangwaro ko gwaiba.

Tuffa, inabi da lemun Maroko

Tuffa ana iya aje ta watanni cikin ɗakunan sanyi na musamman. A Faransa ana tsinkarta daga Agusta zuwa Oktoba, a Afirka ta Kudu kuwa a watannin farko na shekara. Ke nan wadda ke hannunka tana iya kasancewa ta daɗe da barin uwa. Mai kyau tana da tauri, in ka danna da yatsa ba ta lotsawa, tana da nauyi, wajen tsinkenta bai yamutse ba. Ƙyallin bayanta sau da yawa kaki ne da ake shafawa don kada ta bushe. Ba shaidar sabunta ba ne. A wanke da kyau ko a fere.

Inabi kuwa reshen ake dubawa kafin ɗiyan. Kore mai lanƙwasuwa, sabo ne. Busasshe baƙi-baƙi, ya kwana biyu. In ka ɗaga nonon inabi ɗiyan suka zube, ya tsufa.

Ƴar takardar da ake mannawa a jikin tuffa ba ta faɗin ranar tsinka. Kwalin ne ke ɗauke da sunan ƙasar da ta fito. Ba laifi ka ce wa mai kaya, "Malam, in ga kwalin."

Batun lemu akwai wani kuskure da ya zama ruwan dare. Mutane na ganin lemun Maroko jawur su ce ya fi nuna, su ga na Binuwai kore su ce ɗanye ne. Ba haka ba ne. Bawon lemu ba ya ja sai ya samu sanyin dare. A ƙasashe masu zafi lemu na nuna sarai alhali bawonshi kore ne. A bar launi, a auna nauyi a hannu: wanda ya fi nauyi cikin masu girma ɗaya, shi ya fi ruwa. Bawo mai santsi da ƙananan huda ya fi mai kauri da kaushi.

Na gida da na maƙwabta

Mangwaro. A sunsuna wajen tsinke. Nunanne yana ƙamshi tun daga nan. A danna a hankali, ya ɗan bada kai kaɗan. Ƙosasshe kafaɗunshi sun cika sun taso kewaye da tsinke. Launi ba hujja ba ne, don wasu masu aure irin su Kent da Keitt suna nuna da sauran kore a jikinsu. Da shigowar damana a ƙara lura. Akwai wani ƙuda da ya bazu a Afirka ta Yamma tun wajen 2004, yana huda fata ya zuba ƙwai, tsutsa ta ƙyanƙyashe a ciki. Alamarshi ɗan ɗigo baƙi da laushi kewaye da shi, wani lokaci da ɗan danƙo yana tsattsafowa.

Kankana. A duba gefen da ya kwanta a ƙasa: ruwan ɗorawa ya fi fari. Ta yi nauyi, in an buga ta bada amo mai zurfi, tsinkenta ya bushe. Wadda aka yanka aka bari a rana ƙudaje na sauka, araharta ba riba ba ce.

Gwaiba. Ƙamshi, da kore mai haske da ya fara komawa ɗorawa. Ita ma ƙudan nan na kama ta, a duba huda.

Ayaba. Gefunanta sun cika sun yi zagaye, ba masu kaifi ba. Ɗigo-ɗigo ruwan ƙasa alamar zaƙi ce, ba lalacewa ba.

Abarba. A sunsuna gindinta. Ƙamshi mai daɗi, ta nuna. Warin tsami kamar abin da ya kwana, ta wuce. Ganyen kanta ya zama kore, ba busasshe ba.

Dabino. Na Bilma da Jado busasshe ne, shi ya sa tun zamanin ayarin raƙuma yake isowa kudu tare da gishiri bai lalace ba. Na Aljeriya irin Deglet Nur ya fi laushi. Kowanne za a saya, musamman gab da azumi lokacin da tsohon kaya ke fitowa daga sito, a tsaga biyu ko uku a duba ciki. Baƙin gari-gari kusa da ƙwallo shaidar ƙwaro ce. Wanda ke ƙyalli fiye da kima yana manne wa hannu, mai yiwuwa an shafa mishi ruwan sukari. A na kwali akan rubuta haka a jerin abin da ke ciki.

Matsalar karbur

Na kusa ma yana da nashi aibu, kuma babba shi ne nunar dole. Wasu ƴan kasuwa na tsinko mangwaro ko ayaba ɗanye, su rufe shi da karbur, sinadarin nan da masu walda ke aiki da shi, wanda a Najeriya ake ce wa kabayid. In ya ji laima sai ya fitar da iskar asetilan, ta sa bawo ya yi ɗorawa cikin kwana ɗaya ko biyu. Illar ita ce karbur na masana'anta na ɗauke da guba irin su arsenik, shi ya sa ƙasashe da dama suka hana amfani da shi a abinci.

Alamomin da ke sa a yi shakka: bawo ya yi ɗorawa amma babu ƙamshi, waje ya yi laushi, ciki kusa da ƙwallo fari ne mai tsami, ayaba ta yi ɗorawa duka alhali tsinkenta kore shar, farin gari ko toka-toka a jiki, wari mai kama da na tafarnuwa. Alama ɗaya ba ta isa a yanke hukunci ba, amma in biyu ko uku suka haɗu, a wuce gaba. An fi samun wannan a farkon lokaci, sa'ad da kaya ke tsada kowa na gaggawar riga wani kasuwa. Mai haƙuri ya jira makonni kaɗan sai ya ci mai daɗi kuma da araha.

In ana son a nunar a gida, hanya mai sauƙi ita ce a sa mangwaron cikin takarda ko kwali tare da nunanniyar ayaba ɗaya, a rufe, a aje a inuwa.

Wanne ya fi amfani a jiki?

Mirtil na da amfani, ba musu. Launinta ya fito daga wani sinadari mai suna antosiyanin, kuma irin wannan sinadari ne ke ba zoɓorodo jan launinshi. Amma tsada ba ita ce ma'aunin amfani ba. Dubi bitamin C cikin giram 100: mirtil na da kusan miligiram 10, tuffa kusan 5, mangwaro kusan 36, lemun zaƙi kusan 53, gwaiba kuwa ta haura 200. Garin ƙwame shi ma ya ninka lemu. Mangwaro da gwanda suna bada abin da jiki ke mayarwa bitamin A, mai taimakon ido da garkuwar yara.

Hukumar Lafiya ta Duniya na bada shawarar babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na ɗiyan itace da ganyaye a rana. Magidancin da ke da mutum takwas ko goma a gida ba zai cika wannan da kayan kwali ba. Zai cika shi da abin da ke cikin lokacinshi. A taƙaice dai: mangwaro daga bazara zuwa farkon damana, gwaiba da kankana wajen kaka, kankanar garka kuma har cikin rani, lemu da magarya da aduwa lokacin ɗari. Duk abin da ya yi yawa a kasuwa har ake kiranka ka zo ka saya, shi ne a lokacinshi.

Wanki da ajiya

Na gida da na waje duka a wanke da ruwa mai tsabta kafin a yanka, har wanda za a fere, don wuƙa na ɗaukar dattin bawo ta kai ciki. Ba a sa sabulu ko omo. A wanke hannu da wuƙa. Lokacin damana da ake fama da gudawa da kwalara, a guji yankakken kaya na bakin hanya da ba a rufe ba.

Tuffa, inabi da mirtil na son firigo. Ayaba da mangwaron da bai nuna ba kuwa sanyi na ɓata su: ayaba ta yi baƙi, mangwaro ya ƙi nuna. Kada a haɗa nunanniyar ayaba ko tuffa da abin da ake son ya daɗe. Wanda ba shi da firigo ya shimfiɗa kayan ɗai-ɗai a inuwa mai iska, kada ya ƙulle su cikin leda, kuma ya sayi na kwana biyu kawai. Iyaye mata a kula: inabi da mirtil na iya shaƙe ƙaramin yaro, a tsaga su ko a murje kafin a ba shi.

Ina kuɗin ke zuwa?

Jikka ɗaya da aka kashe a mangwaron Gaya ko lemun Timiya tana zagayawa tsakanin mai garka, da mai ban ruwa, da direba, da matar da ke talla a bakin tasha. Wadda aka kashe a kayan nesa, kaso mai yawa na tafiya ne a kuɗin jirgi da mota da duwan da sanyi. Wannan ba ya nufin a ƙaurace wa na waje. Tuffa da inabi suna cike giɓi lokacin da garake ba su da komi, kuma mutane da yawa na cin abinci a wannan sana'a. Haka kuma masu garka da ƴan kasuwarmu akwai aiki a gabansu: a bar kaɗo mangwaro da sanda yana faɗuwa ƙasa, a bar cusa shi cikin buhu ana hawa kai, a ware ruɓaɓɓe daga mai kyau, a rabu da karbur. Yawan abin da ke sa mai saye ya juya ga kayan kwali, tsabta da tsari ne, kuma waɗannan ba su fi ƙarfinmu ba.

Ga mai saye kuwa, tambaya uku sun isa a gaban kowane tebur: daga ina ya fito, yaushe ya iso, kuma zan iya ɗanɗanawa? Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Mai kaya mai gaskiya ba ya ƙin yanka ɗaya ya nuna maka ciki.

Masu garka da ƴan kasuwa da ke da ƙarin bayani kan lokutan fitowar kaya a yankunansu, ƙofarmu a buɗe take. Allah ya sa albarka a abin da muke ci.